Horon kare kai ga mata, da mutumin da ya kamata ya shirya mu mu fuskanta

Duk macen da ta girma ta haddace wasu gargaɗi tun kafin ta san dalilinsu. Kada ki yi dare a waje, kada ki bi hanyar da babu kowa ke kaɗai, kada ki shiga motar wanda ba ki sani ba, ki riƙa waiwayawa idan kika ji takun sawu a bayanki. Iyaye da yayye suna faɗin waɗannan ne saboda ƙauna, kuma ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Sai dai idan aka tattara su wuri guda za a ga cewa mutum ɗaya suke siffantawa, wato baƙon da ba a san fuskarsa ba, wanda ke laɓe cikin duhu yana jiran mai tsautsayi. Wannan mutumin yana nan, amma ba shi ne ya fi cutar da mata ba. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2021, an bayyana cewa kusan mace ɗaya cikin kowaɗanne uku, wato mata kimanin miliyan 736, ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi na lalata a rayuwarta, kuma mafi yawan abin ya fito ne daga miji ko abokin zama ko saurayi. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 sun fi haka tayar da hankali, domin sun nuna cewa mata da 'yan mata kusan 51,100 ne suka mutu a hannun abokan zamansu ko danginsu a wannan shekara kaɗai, wato kimanin 140 a kowace rana.

Saboda haka idan aka ce da ni ga wani horon kare kai da ake ba mata, tambayar da nake fara yi ita ce, shin yana shirya mace ta fuskanci wanda ta sani? Ina nufin malaminta, ko maigidanta a wurin aiki, ko abokin yayanta, ko saurayin da take ƙauna, ko maƙwabcin da kowa ke yabon kirkinsa. Horon da bai taɓo wannan ba, ko da ya koya mata naushi iri ɗari, ya bar ta a inda ya same ta.

Wata farfesa a Jami'ar Windsor da ke Kanada, Charlene Senn, ta shafe shekaru tana gina wani shiri a kan wannan fahimta. An gwada shi kan ɗalibai mata 893 'yan shekarar farko a jami'o'i uku na ƙasar, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya ya samu horo na awa 12, ɗayan kuma aka ba shi ƙananan takardun wayar da kai irin waɗanda jami'o'i suka saba rabawa. Da aka bibiye su bayan shekara guda, kashi 9.8 cikin 100 na waɗanda suka karɓi takardu an yi musu fyaɗe, a cikin waɗanda suka samu horo kuwa kashi 5.2 ne. Yunƙurin fyaɗe ma ya sauka daga kashi 9.3 zuwa kashi 3.4. An buga sakamakon a mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine a shekarar 2015. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka kasa awoyin. Zama huɗu ne, kowanne awa uku, kuma zama ɗaya ne kacal ya ƙunshi dabarun bugu da kuɓucewa. Sauran sun tafi ne a kan gane alamun haɗari a tattare da namijin da aka sani, da shawo kan abin da ke hana mace yarda cewa tana cikin haɗari, da kuma sanin abin da ita kanta take so da wanda ba ta so.

Wannan batu na yarda shi ne zuciyar al'amarin a wurina. Idan baƙo ya fizgi mace a kan titi, jikinta da hankalinta sun san nan take cewa maƙiyi ne. Idan kuwa wanda take girmamawa ne ya rufe ƙofar ofis ya matso kusa da ita fiye da kima, sai zuciya ta shiga kawo uzuri. Ai ba zai yi haka ba, mutumin kirki ne. Wataƙila ni ce na yi masa mummunar fahimta. Idan na ɗaga murya zan kunyata shi, kuma gobe da wane ido zan dube shi? Idan mutane suka ji, ni za su zarga. Kafin ta gama wannan muhawara da kanta, mintunan da take da su na tashi ta fita sun wuce. A ko'ina cikin duniya ana tarbiyyar 'ya mace a kan ladabi da kawaici da gudun ɓata wa mutane rai, kuma halaye ne masu kyau a inda ya dace, amma mai mugun nufi ya san da su, a kansu ma yake dogara. Horo mai kyau yana ba mace damar yin wannan muhawara tun da wuri, cikin aji, a tsakanin 'yan'uwanta mata, har ta yanke wa kanta hukunci cewa jin kunya na ɗan lokaci ya fi sauƙin ɗauka a kan abin da ka iya biyo baya.

Alamun kuma ba boyayyu ba ne ga wadda aka nuna mata su. Wanda zai cutar da macen da ya sani ba kasafai yake farawa da ƙarfi ba, gwaji yake fara yi. Zai faɗi wata magana da ta wuce iyaka ya ga ko za ta yi shiru, zai dafa kafaɗarta ya ga ko za ta janye. Zai yi mata alherin da ba ta nema ba, daga baya ya sa ta ji kamar ana bin ta bashi. Zai nemi ya raba ta da jama'a da hujja mai kama da gaskiya, ko ya nace sai ta sha abin da ta ce ba ta so. Babbar alama a cikinsu duka ita ce rashin jin kalmar a'a. Mutumin da aka ce masa a'a a kan ƙaramin abu, kamar rakiya ko ɗaukar kaya, ya ƙi ji, ya ci gaba da lallashi ko ya fara fushi, ya riga ya nuna yadda zai ɗauki a'a a kan babban abu.

Na taɓa zama a wani aji da ake wannan horo, kuma darasin da ya fi ba mu wuya shi ne na murya. Aka sa mu tsaya biyu-biyu, ɗaya ta riƙa matsowa, ɗayar kuma ta ɗaga tafukan hannunta a gaban ƙirji ta ce, «Tsaya nan! Kada ka matso!» Wadda ke kusa da ni babbar mace ce mai 'ya'ya, wadda daga maganarta za ka san ta saba gudanar da mutane, amma da layi ya zo kanta sai muryar ta fito siririya, ta sunkuyar da kai, ta ƙarasa da murmushi kamar mai neman afuwa. Mai horarwar ta zo ta tsaya a gabanta ta ce, «Yaya, bakinki ya ce a'a, amma fuskarki tana ba shi haƙuri. Ki dasa ƙafafunki, ki dubi idona, ki fito da ita daga ciki.» Ta sake, ta kuma sakewa. Da muryar ta fito da gaske sai da ɗakin ya amsa, ita kuwa sai hawaye. Daga baya ta gaya mana cewa tunda take ba ta taɓa yi wa wani babba tsawa ba, kuma ba ta san tana da irin wannan murya ba.

Wanda bai gani ba zai iya ɗauka wannan ƙaramin abu ne, amma binciken da aka yi a Kenya ya nuna akasin haka. A unguwannin marasa galihu na Nairobi, ƙungiyar No Means No Worldwide tare da Ujamaa Africa sun koyar da 'yan mata 'yan makaranta darussa shida, kowanne awa biyu. Wani nazari da aka buga a shekarar 2014 ya nuna cewa fyaɗe a tsakanin waɗanda suka samu horon ya ragu daga kusan kashi 18 zuwa kusan kashi 11 cikin 100 a shekara, alhali bai canza ba a tsakanin waɗanda ba su samu ba. Fiye da rabin 'yan matan sun ce sun yi amfani da abin da suka koya wajen dakatar da wani da ya nufe su da sharri, kuma kaso mafi girma a cikinsu da baki kaɗai suka yi hakan, ba su kai hannu ba. An sake gwada shirin a Malawi aka ga raguwa makamanciyar wannan. Gaskiya ce kuma cewa wani gwaji da aka yi daga baya kan yara mata ƙanana 'yan firamare a Nairobi bai nuna irin wannan raguwa ba, abin da ke tuna mana cewa yarinya ƙarama tana buƙatar manyan da za su tsaya mata fiye da duk wani darasi.

Murya tana aiki ne saboda mai kai hari yana son abubuwa biyu, shiru da sauƙi. Tsawa tana lalata masa duka biyun, tana kuma tilasta wa mace yin numfashi, wanda tsoro kan sa ta riƙe. Masu horarwa kan ce idan akwai mutane a kusa, gara a ware mutum ɗaya a kira shi kai tsaye, «Kai mai jar riga, taimake ni, ban san mutumin nan ba,» domin taron jama'a kan tsaya kallo kowa yana jiran wani ya fara.

Idan maganar ta kai ga jiki, abin da ake koyarwa kaɗan ne, kuma da gangan aka taƙaita shi. A lokacin firgici zuciya tana bugawa da sauri, hannuwa suna rawa, duk wata dabara mai matakai da yawa tana gudu daga kai. Abin da ke saura shi ne motsi babba mai sauƙi da jiki ya maimaita har ya saba. Ana koya wa mace ta yi amfani da wurare masu tauri na jikinta, wato gindin tafin hannu da gwiwar hannu da gwiwa da diddige, ta nufi wuraren da ƙarfin namiji ba ya kare su, wato ido da hanci da maƙogwaro da tsakanin ƙafafu. Dunƙule hannu a naushi ƙashin fuska yakan karya yatsun wadda ba ta saba ba, shi ya sa aka fi son gindin tafi. Idan aka riƙe wuyan hannunta, za ta murɗa shi ta fizge ta wajen babban yatsan mai riƙon, domin nan ne riƙo ya fi rauni. Idan ta faɗi ƙasa, faɗan bai ƙare ba, domin ƙafafun mace sun fi hannuwanta ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma a kwance tana iya juyawa ta sa su tsakaninta da shi. Manufar duk wannan ita ce ta samu daƙiƙa biyu ko uku da za ta ruga zuwa inda mutane suke. Akwai kuma ƙa'idar da kusan duk masu horarwa suka haɗu a kanta: idan abin hannu ake nema, jaka ko waya, a jefar a gudu, amma idan ana son a tafi da mace wani wuri dabam, to ta yi duk abin da za ta iya a nan inda take, domin inda za a kai ta an zaɓe shi ne saboda babu mai jin ta.

Ba kowane wasan faɗa ne ke ba da wannan ba. A farkon shekarun 1970 a Amurka, wani ɗalibin kareti mai suna Matt Thomas ya ji labarin wata abokiyar horonsa da ta kai matakin baƙar ɗamara, wato matakin ƙwararru, amma aka yi mata fyaɗe. Da ya bincika sai ya gane cewa abin da suke koya a tsaye, da tazara, da ƙa'idoji, bai yi kama da yadda ake kai wa mata hari ba, domin su yawanci a kurkusa ake cafke su a kai su ƙasa. Daga nan aka samo salon horon da malami ke sa kayan kariya masu kauri daga kai har ƙafa, ya taka rawar mahari da zagi da barazana, ɗaliba kuma ta buge shi da iya ƙarfinta. Ina ganin darajar kareti da judo da takwando, suna gina ƙarfi da natsuwa, amma wadda ke neman tsira ta tambaya ko ajin yana gwada ta a cikin yanayi mai kama da na gaske.

An daɗe ana gaya wa mata cewa turjiya tana ƙara fusata mahari, gara a kwantar da kai. Masu bincike irin su Sarah Ullman, da kuma Jongyeon Tark da Gary Kleck da suka nazarci bayanan dubban hare-hare a Amurka, sun gano cewa matan da suka yi ihu ko suka gudu ko suka yi faɗa sun fi kuɓuta daga fyaɗe, kuma a mafi yawan lokuta turjiyar ba ta ƙara musu mummunan rauni ba. Roƙo da kuka su ne suka fi rashin tasiri. Wannan bai zama doka ga kowane hali ba, musamman idan akwai makami, kuma wadda ke cikin halin ita kaɗai ce ke ganin abin da ke gabanta.

A nan ne nake so in yi magana da babbar murya, domin akwai inda wannan batu ke iya zama zalunci. Jikin ɗan'adam idan ya firgita yakan yi faɗa ko ya gudu, amma kuma yakan sandare. A wani asibiti da ke birnin Stockholm na Suwidin an yi nazari kan mata 298 da suka je neman taimako bayan fyaɗe, aka buga a shekarar 2017, kuma kashi 70 cikin 100 sun ce jikinsu ya sandare a lokacin, ba su iya motsi ko magana ba. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne da ba ya neman izinin mai ita. Don haka macen da ba ta yi ihu ba, ko ta yi shiru don ta tsira da ranta, ba ta yarda ba, kuma ba ta gaza ba. Masu cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, suna nufin lallai akwai laifin mace, sun ɗora nauyi a inda ba nan yake ba. Laifin fyaɗe na wanda ya aikata ne gaba ɗayansa. Wasu masu fafutukar haƙƙin mata suna ƙyamar horon kare kai saboda tsoron kada ya zama wata sabuwar hanyar tambayar mace me ya sa ba ki kare kanki ba. Na fahimci tsoronsu, amma ban bi su har ƙarshe ba. Gyaran maza da dokoki da kotuna wajibi ne, kuma shirin Kenya ma yana da darussan samari da ke koya musu girmama mata da shiga tsakani idan sun ga ana cin zarafi. Sai dai wannan gyara aikin shekaru ne, yarinyar da za ta shiga jami'a bana kuwa ba za ta iya jira ba. Maimaita motsi da murya a cikin aji yana rage yiwuwar sandarewa, kuma malamar da ta san aikinta tana faɗa wa ɗalibanta tun ranar farko cewa duk abin da mace ta yi ta rayu, daidai ta yi.

Inda horon jiki ya fi gazawa shi ne cikin gida. Wadda mijinta ke dukanta za ta kwana ɗaki ɗaya da shi bayan ta ture shi, saboda haka abin da take buƙata shiri ne na tsira: wadda za ta kira, kalmar sirri da ta shirya da wata aminiya ko maƙwabciya, takardunta da 'yan kuɗi da magani a wurin da za ta iya ɗauka cikin gaggawa, da nisantar ɗakin girki da duk inda makami yake idan rigima ta tashi. Abu biyu ya kamata kowace mace da danginta su sani. Lokacin rabuwa da watannin da ke biye da shi suna cikin mafi haɗari, don haka fita tana son shiri da taimakon wasu. Sannan shaƙe wuya alama ce ta musamman, domin wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2008 ya nuna cewa macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙe ta, haɗarin ya kashe ta ya ninka fiye da sau bakwai. Ko babu tabo a wuya, ya kamata ta ga likita, kuma kada kowa ya ce mata ta koma ta yi haƙuri. Akwai kuma alamar hannu ta neman taimako da Gidauniyar Mata ta Kanada ta ƙirƙiro a shekarar 2020 lokacin kullen korona: a ɗaga tafin hannu, a lanƙwasa babban yatsa ciki, a rufe shi da sauran yatsun. A shekarar 2021 wani direba a jihar Kentucky ta Amurka ya ga wata yarinya tana yin ta daga cikin mota, ya kira 'yan sanda, aka cece ta.

Game da kayan da ake tallatawa, ra'ayina gajere ne. Feshin barkono halal ne a wasu ƙasashe, a wasu kuma kamar Birtaniya laifi ne a riƙe shi, kuma wanda ke ƙasan jaka ba ya amfanar kowa, balle ma a kan mutumin da aka sani aka kuma sake da shi. Wuƙa tana iya komawa hannun mahari. Waya ta fi amfani idan an shirya ta tun da wuri, domin yawancin wayoyin zamani suna da kiran gaggawa da ake tayarwa ta danna maɓallin gefe, suna kuma iya nuna wa wanda aka amince da shi inda mai wayar take.

Wadda za ta nemi aji ta fara zuwa ta kalla kafin ta shiga. Ta lura ko ana maganar mutanen da aka sani ko kuwa baƙo mai wuƙa kaɗai ake ta kwatantawa, ko ana ba murya da kafa iyaka lokaci kamar yadda ake ba bugu, ko dabarun masu sauƙi ne da tsohuwa da mai ƙiba da mai naƙasa za su iya daidaitawa da jikinsu. Ta saurari yadda malami ke magana a kan waɗanda abin ya taɓa faruwa da su, domin a kowane aji akwai su ko ba su faɗa ba, kuma ya kamata a bar kowace ɗaliba ta ce ba za ta yi wani atisaye ba, ba tare da an nemi dalili ba. Malamin da ke taɓa ɗalibai ba da izininsu ba, ko yake tsorata su don su ƙara biyan kuɗin wasu darussa, ko yake alkawarin cewa bayan darasinsa babu wanda zai iya da su, a bar masa ajinsa. Binciken Senn ya nuna cewa amfanin awa 12 ɗin nan yana nan har bayan shekara biyu, amma hannu da murya suna mantuwa, saboda haka yana da kyau mace ta samu wata 'yar'uwa ko ƙawa da za su riƙa maimaita tsayuwar da tsawar da fizge hannun lokaci zuwa lokaci, su kuma koya wa ƙannensu da 'ya'yansu daidai da shekarunsu.